Tsofaffin Itatuwa a Matsayin Madogarar Tarihi: Nazari a Kan Gundumomin Tasawa da Mayahi

Tsakure

Maƙalar tana kafa hujja cewa tsohon itacen da ke tsaye a gonakin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, shaida ne a kan hukuncin da mutane suka yanke game da ƙasa. Don haka ya cancanci a karanta shi tare da tarihin baka da rubutattun takardu, kuma a lura da rawarsa a sana'o'in hannu.

Gabatarwa

A ƙasar da ake sassabe kowace bazara, babu itacen da ke tsufa haka kawai. Duk gawo ko kuka ko tsamiyar da ta kai shekara ɗari a tsakiyar gona, magidanta da dama ne suka gaji gonar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗauki gatari ya wuce ta. Tambayar mai bincike ita ce dalilin da ya sa aka bar ta, da kuma wanda ke da ikon hana saranta.

Itace da iko

Tasawa na cikin garuruwan da Katsinawa suka ƙarfafa bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, kuma Heinrich Barth ya ratsa ta a Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A wancan zamani al'ada ce ke kare itace. Manomi na barin gawo saboda yana kakkaɓe ganye da damina, ba ya hana gero rana, ga ƴaƴansa abincin dabbobi da rani. Tsamiya da kuka kuwa, imanin cewa iskoki na zama a cikinsu ya isa ya tsayar da mai sara. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta mayar da wannan iko hannun hukuma, dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Manomin da ke tsoron tarar ma'aikacin gandun daji sai ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, tunda in ya girma ba nasa ba ne. Giɓin da ake gani a gonaki da yawa, tsakanin manyan itatuwa ƙalilan da ɗimbin matasa, wannan zamani ne ya haife shi, tare da farin shekarun 1970 da 1980. Matasan kuma ƴaƴan sassabin zamani ne, dabarar renon tohon kututture da ta bazu daga Maraɗi bayan aikin Tony Rinaudo na 1983, har masu bincike suka ƙiyasta ta kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Itace da tashin hankali

A Yulin 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta shigo wannan yanki. Kanar Klobb, da ya biyo sawunta, ya tarar da ƙonannun garuruwa da gawarwaki rataye a rassa, kafin a harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga watan. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojin rundunar suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi. Garin bukkoki yana ƙonewa ya tashi ya sake wuri, itace kuwa yana nan inda yake, shi ya sa yake zama alamar da mai ba da labari ke nunawa idan ana neman gurbin tsohon kufai.

Itace da fasaha

A kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi, siffar goriba kanta bayani ce. Inda ake yawan yankar kaba don saƙar tabarma, faifai da igiya, tsiron yana zama dunƙule a ƙasa, ba ya samun damar miƙewa ya yi rassa. Inda aka ga dogayen goriba masu reshe biyu-biyu, an san an taɓa tsare wurin. Haka turmin ƙirya, allon aduwa da fatar da aka jeme da bagaruwa: kowanne yana nuna irin itacen da ke wadace a lokacin da aka yi shi.

Amsa ga masu suka

Za a ce itace ba ya magana, kuma shekarunsa na da wuyar tantancewa, musamman kuka mai kogo a ciki. Gaskiya ne, kuma mai ba da labari kan jingina tsohon al'amari ga itacen da bai kai shekarunsa ba. Amma wannan rauni yana tare da kowace madogara, har rahoton kwamandan Turawa, maganinsa kuma gwada shaida da shaida. Za a kuma ce waɗanda suka rage tsiraru ne, ba sa wakiltar dajin da. Wannan suka tana ƙarfafa hujjar maƙalar, domin zaɓen da aka yi tsakanin na sara da na bari shi ne abin nazarin.

Kammalawa

Aikin da ya kamata masana tarihi da na gandun daji, musamman a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su haɗa hannu a kai shi ne ƙidayar manyan itatuwan gundumomin biyu: iri, kauri, wuri, mai gona, da abin da dattawa ke faɗa a kansu. Gaggawar tana ga dattawan, domin sun fi itatuwan saurin ƙarewa.