HIJIRAR ISAWA: DAGA KANO ZUWA WUSASA

'Yan uwana mata, duk wadda take shiga kasuwar Sabon Gari cefane, ko take zaune a Samaru, ba za ta rasa haɗuwa da mace Bahaushiya fes ba, Hausarta ta fi taki nuna, ga kunya ga gaisuwa har ƙasa, amma ran Lahadi coci take zuwa. Sai ki ji ana ƙus-ƙus, wai ai ba Bahaushiya ba ce, koyon Hausar ta yi. To a gaskiya da yawansu ba baƙi ba ne, kuma wasunsu kakanninsu sun yi wata doguwar hijira da ba kowa ya san labarinta ba.

Abin ya faro ne daga birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi wanda ya hau mulki a 1855. Akwai wani malami ana ce masa Malam Ibrahim, masanin Alƙur'ani ne, sai ya shiga bin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (AS) yana fifita shi a wa'azinsa fiye da yadda malaman gari za su iya lamunta. Ya yi almajirai, aka riƙa kiransu Isawa, wasu su ce Bani Isra'ila. Aka nemi ya janye maganarsa ya ƙi, ƙarshe dai aka tsire shi a kasuwa.

Mu lura, mutanen nan a lokacin ba Kiristoci ba ne, ba su taɓa ganin coci ba balle ɗan mishan. Da aka kashe malaminsu sai suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi inda ikon Sarkin Kano bai kai ba, wasu suka ɓuya a ƙauyukan ƙasar Kano da Zazzau suna noma, suna riƙe da abinsu a ɓoye. An ce kafin ya mutu ya bar musu wasiyya cewa su jira, wani zai zo musu da cikakken bayani. Haka suka yi ta jira, 'ya'ya suka zama iyaye.

Littattafan tarihi sunayen maza suka riƙe. Amma ke da kika san abin da ake nufi da tashi daga gida, ko da daga Samaru ne zuwa Tudun Wada, kin san wa ke ɗaure tukwane, wa ke goyo, wa ke neman ruwa a garin da ba ta san rijiyarsa ba. Miji ya ji wa'azi ya gamsu, ita kuwa matar ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba, ta bar uwa da uba da dangi ta bi. Ni wannan ɓangaren ya fi tsaya mini a rai.

Abin mamaki, kusan a wannan zamanin irin haka ta faru a Amurka. Wasu mutane da ake kira Momon, aka kashe shugabansu Josef Simit a kurkuku a 1844, sai suka bar garinsu Nabu a 1846 suka nausa yamma, tafiyar mil 1,300, har suka isa kwarin Tafkin Gishiri a 1847. Talakawan cikinsu da ba su da kuɗin shanu, keken hannu suka riƙa ja, kusan irin kurar 'yan ga-ruwa, mata na turawa maza na ja. A 1856 dusar ƙanƙara ta rutsa da ayari biyu, sama da mutum 200 suka mutu a hanya. Su dai sun yi yawa har suka cika jiha guda, Yuta. Namu na nan 'yan kaɗan ne.

A 1913 ne wasu daga cikin Isawa suka zo birnin Zariya wurin Likita Mila, Baturen mishan na CMS da ke zaune a Durumin Maigarke tun 1905. Suka ji karatunsa, wasu suka ce wannan ne abin da ake jira, suka karɓi Kiristanci, wasu kuma suka ƙi. Waɗanda suka karɓa aka tara su wuri ɗaya, suka sari daji a Gimi ta wajen Maƙarfi, suka yi gonaki da makaranta, da nufin sun sami wurin hutawa ke nan.

Allah sarki, ashe ƙudan tsando na nan a bakin rafi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sannan ya dinga gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, har ya tafi. Mutane da yawa suka mutu, dole aka watse, aka kwashe yara da marayu zuwa makarantar Mila a cikin birni. Ki duba fa, kakanni sun gudu daga takobi, jikoki kuma ƙuda ya kore su.

Birnin ma zaman bai ɗore ba, domin fada da Turawan mulki ba su son mishan a cikin ganuwa. A 1929 aka koma Wusasa, gindin dutse, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, ga asibiti ga makaranta.

Wannan 'yar unguwa ita ta ba Arewa likitanta na farko, Dakta R. A. B. Dikko, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A nan Yakubu Gowon ya tashi, duk da su iyayensa daga ƙasar Filato suka zo. John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Dakta East, mu marubuta muna ƙirga shi cikin kakanninmu, shi ma ɗan Wusasa ne. Sai kuma Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Bayan ya gama aikin gwamnati ya dawo Samaru ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya, ya rasu a 2005.