Lambar Yabo Da Mai Ita: Bin Sawun Mazan Jiya

Kwanan baya wani ɗalibina ya kawo mini wani ɗan ƙarfe mai siffar tauraro, maƙale da ƙyalle ja mai gefe shuɗi da ratsin ruwan goro. Ya ce a adakar kakansa ya tsince shi, har wani dillalin kayan tarihi ya taya. Da na duba sai na ga Tauraron Bama ne, lambar da Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Hitila. Na tambaye shi bataliyar kakan nasa, ya ce bai sani ba.

A ƙasar Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara irin waɗannan lambobi, musamman na sojan ruwa. Dalili kuwa shi ne, a bakin tsofaffin lambobin akan zana sunan mutum da muƙaminsa, sau da yawa har da sunan jirginsa. Da wannan sai mai bincike ya nufi gidan ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, ya zaƙulo inda mutumin ya yi aiki tun daga shigarsa har sallama.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan Bakatsine da sojan ruwa. Ai wani hafsan sojan ruwan Ingila ne, John Glover, ya tara Hausawa a Ikko cikin 1863, galibinsu bayin da suka tsere, ya kafa ƙungiyar da ake ɗauka ita ce tushen sojan Nijeriya. Su ya ja zuwa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma an buga lamba don wannan yaƙi. Haka aka buga wata mai ɗauke da shekarar 1903, wato shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, Katsina kuma ta miƙa wuya ba yaƙi. Abin da ba mu son faɗa shi ne, da yawa daga cikin masu riƙe da bindigogin nan Hausa suke ji. Lambar yabo ba koyaushe take ba da labari mai daɗi ba.

Wahalar binciken namu ta fi ta Turawa. Na farko, akan rubuta soja da sunan garinsa, a ce wane Katsina ko wane Daura, ga masu suna ɗaya barkatai. Na biyu, taurarin Yaƙin Hitila ba a zana suna a jikinsu ba. Saboda haka takardar sallama, mai ɗauke da lambar soja da bataliya, ta fi ƙarfen daraja. Da ita za a gane ko mutum yana Runduna ta 81 da ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, ko ta 82 da ta haɗu da ita aka ci Myohaung a Janairun 1945. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, sunayen da yawansu na nan a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun.

Mun koma gidan ɗalibin nan, muka tarar gara ta cinye takardar. Sauran wata tsohuwa guda da ta tuna ranar da ya dawo da akwatin ƙarfe, yana ta ba da labarin ruwan teku.

To, 'yan'uwa marubuta, kafin ku ƙago jarumi ku fara buɗe adakar gidanku. Ku kwafe lambar soja, ku zauna da tsofaffi tun suna raye, ku leƙa gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna. In dillali ya tafi da lambar, ƙarfe kawai ya saya, amma ku sunan kakanku kuka rasa.