Tarihin Ɗora Laifin Rashin Haihuwa a Ƙasar Badarawa

A ƙasar Badarawa, watau yankin Shinkafi, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai sunaye da dama ga macen da ba ta sami rabo ba. Wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, juya ce ko bakarariya. Wadda 'ya'yanta ba su tsayawa, ana cewa tana wabi. Wadda cikinta ke zubewa, ana cewa ɓari ya aure ta. Amma in aka nemi sunan namijin da matarsa ba ta haihu ba, sai a sha wuya ba a samu ba. Wannan giɓi da ke cikin harshe yana nuna inda mutanen dā suka ajiye laifin.

Dalilinsu kuwa a fili yake. Ciki a jikin mace ake ganinsa, ɓari ma a ɗakinta yake aukuwa. Namiji kuwa, muddin yana iya kusantar iyalinsa, an ɗauka lafiyarsa ƙalau. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar ke hukunci da su, irin su Risala da Muhtasar, sun lissafa aibobin da ke ba ma'aurata damar raba aure: hauka, da kuturta, da albaras, da naƙasar al'aura. Mijin da ya kasa saduwa akan ɗaga masa shekara guda. Rashin haihuwa ba ya cikin jerin, domin a lokacin babu hanyar da alƙali zai tabbatar da wanda abin ya fito daga gare shi. Saboda haka mace ce ke yawon neman magani wurin malamai da bokaye da 'yan bori, miji kuwa ya ƙara aure. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, shaida ne: ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, sai 'ya'yan riƙo.

A Turai ma an daɗe a wannan duhu. A 1677 ne Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya bayyana ƙwayoyin da ke iyo cikin maniyyi bayan ya gan su da madubin ƙara girma. Daga baya likitoci suka koyi auna abu uku: yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. In waɗannan sun cika, sai a sallami miji a koma kan matar. A 1953 aka gane ginin DNA, watau zaren da ke ɗauke da gadon halitta, wanda rabinsa daga uba yake zuwa, rabi daga uwa. A 1980 wani masani a Amurka, Donald Evenson, da abokan aikinsa suka fito da hanyar auna lafiyar wannan zare cikin kan ƙwayar maniyyi. Sannan aka gane cewa ƙwaya tana iya yin kyan siffa, tana iyo da ƙarfi, alhali zaren da ta ɗauko ya tsittsinke.

Abin da ya ƙara fito da muhimmancin wannan shi ne haihuwar taimako. An haifi Louise Brown a Ingila ran 25 ga Yuli, 1978, ita ce ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a wajen mahaifa. A 1980 Shaihu Jadul Haƙƙi na Masar ya ba da fatawar halaccin yin haka, bisa sharaɗin ya kasance tsakanin miji da matarsa kaɗai. A 1992, a birnin Brussels, aka fara tsira ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwan mace da allura. A Nijeriya kuwa, Farfesa Ashiru da Farfesa Giwa-Osagie sun fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun cikin shekarun 1980, kuma a 1998 aka sami haihuwa ta wannan hanya a Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada.

To, allurar nan ta kawar da shingen da ke tace ƙwayoyi a jikin mace, har ƙwaya mai tsinkakken zare tana iya shiga. Ƙwayar maniyyi in ta nuna ba ta iya gyara kanta. Ƙwan mace ne ke ɗinke ɓarakar, gwargwadon ƙuruciyarsa da kuma yawan ɓarnar. In ɓarnar ta fi ƙarfinsa, sai ɗan tayin ya tsaya da girma cikin 'yan kwanaki, ko ya ƙi kama mahaifa, ko cikin ya shiga sannan ya zube. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara bincike da yawa, ya nuna haɗarin ɓari ya kai kimanin ninki biyu in ɓarnar zaren miji ta yi yawa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan awo cikin littafinta na gwajin maniyyi, a sashen ƙarin gwaje-gwaje.

Abubuwan da ke jawo ɓarnar ba baƙi ba ne ga mutumin Zamfara: shan taba, da zafin da ya yi yawa ga maraina, da zazzaɓi mai tsanani, da ciwon sanyi da ba a warkar ba, da kumburin jijiyoyin maraina, da maganin feshi na gona, da tsufa. Dalma ma tana cikin masu lalata maniyyi, ita ce kuwa ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a 2010. Abin farin ciki, jiki yakan ƙera sababbin ƙwayoyi cikin kwana saba'in da 'yan kai, don haka wanda ya bar taba, ko aka yi masa maganin ciwon, sau da yawa akan ga sauƙi bayan wata uku.

Likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin auren da ba a sami haihuwa ba, akwai hannun miji a ciki. Magidancin Shinkafi ko Zurmi da matarsa ta yi ɓari sau uku yana da zaɓin da kakansa bai samu ba. Kafin ya sayar da shanu ko gona don kai ta Abuja, kafin kuma ya yi mata kishiya ko ya rubuta mata takarda, ya kamata a fara auna shi. Malaman da ke horar da malaman makaranta su ne suka fi cancanta su kai wannan ilmi garuruwa, domin haihuwa ta Allah ce, amma ɗora wa mace laifin da ba a tabbatar ba aikin mutane ne, kuma su ne za su iya barinsa.