Yadda Likitoci Suka Koma Ɗinke Kusurwar Idon da Suka Buɗe

A shekarar 1896 wani likita ɗan Japan mai suna Mikamo ya wallafa hanyar ƙirƙirar ninki a fatar ido ta sama da zare. Aikin ya bunƙasa a Koriya ta Kudu bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, zamanin da Ralph Millard, likitan fiɗa na sojan Amurka, ya yi aiki a can. Sai dai ninkin ya zo da wata matsala. Mutane da yawa a gabashin Asiya suna da 'yar fatar da ke rufe kusurwar ido ta wajen hanci, kuma idan aka ɗaga fatar sama, wannan labule yakan ƙara ɗaurewa ya fito fili. Ganin haka, likitoci suka waiwaye shi da wuƙa.

Dabarun da suka tarar ba don kwalliya aka ƙirƙiro su ba. Von Ammon, likitan ido na Jamus a ƙarni na 19, yakan yanke fata daga karan hanci don ya janye labulen. Salon John Mustardé na 1963 kuwa an tsara shi ne domin yaran da aka haifa da nakasa, yanka ne mai rassa da yawa. A fuskar lafiyayyen mutum, tabon da yake bari ya fi abin da aka je gyarawa muni. Uchida a Japan, daga baya Park a 1996, sun rage tsawon yankan, amma wurin bai daina yin tabo ba, domin fatarsa siririya ce, kullum kuma cikin ja take.

Daga nan aka sami sabon rukunin majinyata: masu tabo mai kauri, da waɗanda aka buɗe wa kusurwa fiye da kima har jan naman da ke ciki ya bayyana, idanu suka yi kamar sun matso kusa da juna. Gyaran ya fi aikin farko wuya, saboda fatar da aka yanke ba ta dawowa. Likita kan jira aƙalla wata shida tabon ya yi laushi, sannan ya saki inda ya manne, ya janyo fatar gefen hanci ya sake gina labulen, yana kaffa-kaffa da magudanar hawaye da ke ƙasan wurin. A Seoul yau akwai asibitocin da suka shahara da wannan maidowa, ana auna nasararsu da milimita ɗaya ko biyu.