Ko Sisi

A Babbar Kasuwar Kaduna za ka ji mai atamfa ya dafa turmi ya ce, "Hajiya, wallahi ko sisi ba zan rage ba." Yaron shagonsa bai taɓa ganin sisin ba. Asalin kalmar sixpence ce ta Turawan Ingila: kwabo shida, rabin sule, shi ma sulen daga shilling ya fito. Da naira ta zo a 1973 sai sisi ya koma kwabo biyar, kafin tsadar kaya ta haɗiye shi. Can Ingila an daina karɓarsa tun 1980, kalmar ta tsufa a bakinsu. Mu kam muna nan da ita, galibi wajen kukan babu ko ƙorafin bashi: "Sisin kwabo bai biya ni ba."