Yadda ake zaɓen girman taya da wili a tseren otokuros

Otokuros nau'in tseren mota ne da ba a gogayya kafaɗa da kafaɗa a cikinsa. Mota ɗaya ce ke shiga fili a lokaci guda, ta bi hanyar da aka shata da robobin alama masu tsini, agogo kuma yana ƙirga mata lokaci. Galibi a manyan wuraren ajiye motoci ko filayen jiragen sama ake yin sa, kuma zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba. A Amurka, inda wasan ya fi karɓuwa, Ƙungiyar Motocin Wasanni ta Amurka, wato SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce ke shirya mafi yawan gasannin, a ƙarƙashin sunan Solo. Gasarta ta ƙasa, wadda aka fara a 1973, tun 2009 ake gudanar da ita a filin jirgin sama na birnin Lincoln da ke jihar Nebraska, inda direbobi fiye da 1,000 kan hallara a kowace shekara.

Da yake hanyar cike take da kwanoni, kuma gudun bai cika haura kilomita 100 a sa'a ba, ƙarfin inji ba shi ne kan gaba ba. Abin da ke raba na ɗaya da na goma shi ne yadda mota ke kama ƙasa a kwana, da yadda take sauya alkibla cikin hanzari. Duk robar da direba ya ture ana ƙara masa daƙiƙa 2 a kan lokacinsa, alhali sau da yawa tazarar da ke tsakanin zakara da mai bi masa ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Shi ya sa masu wasan suka ɗauki taya, da ƙarfen da ake ɗora ta a kai, wanda makanikai ke kira wili ko rim, a matsayin abin da ya fi komai tasiri a jikin motar tsere.

Karanta lambobin

Lambobin da ke gefen tayar tsere su ne dai waɗanda ke jikin kowace tayar mota a shagon mai faci. Idan aka rubuta 205/50R15, to 205 faɗin tayar ne a milimita, 50 kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, wato milimita 102.5. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, 15 kuwa girman wilin da za ta hau ne a inci. Don sanin tsayin tayar baki ɗaya, sai a mayar da inci 15 zuwa milimita, ya ba da 381, a ƙara masa tsayin gefe sau biyu, a samu milimita 586. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk wani zaɓi, domin tayoyi biyu na iya bambanta sosai a faɗi amma tsayinsu ya zo kusan ɗaya. Tayar 225/45R15 ta fi waccan faɗi da milimita 20, amma tsayinta 583.5 ne.

Wili kuma ana bayyana shi da girma da faɗi, kamar 15x7, sai yawan ramukan noti da tazararsu, kamar 4x100 ko 5x114.3, sannan ofset, wanda za a zo kansa.

Doka ce ke fara zaɓe

Kafin direba ya je kanti, littafin dokokin gasa ya riga ya yi masa rabin zaɓin. SCCA ta kasa motoci rukuni-rukuni bisa yawan gyaran da aka yi musu. A rukunin Street, wanda ya maye gurbin rukunin Stock a 2014, dole faɗin wili ya kasance daidai da wanda motar ta fito da shi daga kamfani. An yarda a ƙara ko a rage girmansa da inci 1, ofset kuma kada ya kauce wa na asali da fiye da milimita 7. Taya kuwa kowane faɗi ya halatta muddin ta shiga ba tare da an yanke ko an buɗa jikin motar ba. A rukunonin Street Touring an sassauta: ana iya sauya wili, a lanƙwashe leɓen ciki na madigadi, amma an ƙayyade iyakar faɗi. Ajin STS na ƙananan motoci, alal misali, ya shafe shekaru da iyakar inci 7.5 ga wili da milimita 225 ga taya. Dokokin kan sauya daga shekara zuwa shekara, har da sunayen azuzuwan, don haka bugun shekarar da ake ciki shi ne abin dogaro.

Waɗannan rukunoni biyu sun kuma shardanta cewa lambar jimirin taya kada ta gaza 200. Lambar ta fito ne daga tsarin UTQG na gwamnatin Amurka, wanda ke kwatanta saurin suɗewar taya da na wata tayar gwaji mai lamba 100. Kamfanonin ne da kansu ke sanya lambar, kuma ba a hana su rubuta ƙasa da abin da gwajinsu ya nuna ba, saboda haka 200 ɗin wannan kamfani ba lallai ya zama daidai da na wancan ba. Wannan iyaka ta haifar da kasuwa guda: Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Falken Azenis RT660 duk tayoyi ne masu lamba 200 da aka ƙera da irin wannan gasa a zuciya. A rukunin Street Prepared da na sama da shi, ana amfani da tayoyi masu roba mai laushi ƙwarai kamar Hoosier A7, waɗanda ke manne wa ƙasa amma su suɗe da wuri.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne sayen wili mai faɗi don kyawunsa, sai a ranar gasa su tarar inci ɗaya ya fitar da su daga Street ya jefa su cikin motocin da aka kashe wa dukiya.

Faɗin taya da faɗin wili

Yawancin mutane sun ɗauka taya mai faɗi tana ƙara yawan robar da ke taɓa ƙasa. Zancen bai cika daidai ba. Girman wurin da taya ke taka ƙasa ya fi dogara ne da nauyin da ke kanta da kuma iskar da ke cikinta. Motar da ke da nauyin kilo 1,000, wadda kowace tayarta ke ɗauke da kilo 250 a kan iska 30 a geji, wurin takun kowace taya bai wuce kimanin tafin hannun babban mutum ba. Abin da faɗi ke sauyawa shi ne siffar wannan wuri: ya gajarce daga gaba zuwa baya, ya faɗaɗa daga hagu zuwa dama. Wannan siffa ta fi dacewa da kwana, domin robar ba ta murɗewa sosai, kuma zafi yana bazuwa a fili mai yawa. Taya mai faɗi tana kuma iya ɗaukar nauyinta da ƙarancin iska, nan ne wurin takun ke ƙaruwa da gaske.

Sai dai wannan riba ba ta samuwa sai wili ya tallafi tayar. Idan aka cusa taya mai faɗi a kan siririn wili, gefenta yakan kumburo kamar tulu, fuskarta ta lanƙwashe, bakunanta su ɗaga daga ƙasa. A kwana sai tayar ta riƙa tangaɗi a kan wilin kafin ta amsa umarnin sitiyari, kuma a jerin robobin da ake saƙawa hagu da dama, wannan ɗan jinkiri yana taruwa daga roba zuwa roba har ya kai ga ture ta ƙarshe. Masu ƙera taya suna wallafa iyakar faɗin wilin da kowane girma ke karɓa. Tayar 205/50R15 tana hawa wili mai inci 5.5 zuwa 7.5, ita kuwa 225/45R17 daga inci 7 zuwa 8.5. Akwai kuma ƙa'idar da aka saba da ita, cewa duk ƙarin rabin inci a faɗin wili yana ƙara wa faɗin tayar kimanin milimita 5. Masu otokuros sun fi karkata ga ƙarshen sama na wannan iyaka, domin gefen tayar ya miƙe ya yi tauri. A inda doka ta bar wili a sake, tayar 225 a kan wili mai inci 8 ko 9 kan fi tayar 245 da aka matse a kan inci 7 biyayya.

A rukunin Street ne lamarin ke da sarƙaƙiya, tun da wili a ɗaure yake. Nan direbobi kan matsa taya mafi faɗi da wilin zai iya riƙewa, su yarda da ɗan nauyin sitiyari don ƙarin kamun ƙasa. Inda ya kamata a tsaya ya danganta da irin tayar, domin lambar da ke jiki ba ma'auni ne tsayayye ba: tayoyi biyu masu lamba 225 daga kamfanoni daban-daban na iya bambanta a ainihin faɗinsu, wata kuma gefenta ya fi na wata tauri.

Akwai kuma batun zafi. Robar tsere ba ta kama ƙasa yadda ya kamata sai ta ɗumama, ga shi kuma ba a ba direba zagayen ɗumi a otokuros. Ƙaramar mota marar nauyi da aka ɗora wa taya mai faɗin gaske tana iya kammala zagayenta tayar ba ta farka ba, musamman da sanyin safiya. Babbar mota mai nauyi a kan siririyar taya kuwa akasin haka ke samunta, robar ta yi zafi fiye da kima ta fara santsi. Abin da ya sa ake ganin direbobi da tankin feshi suna yayyafa wa tayoyinsu ruwa tsakanin zagaye da zagaye ke nan.

Tsayin taya da giya ta biyu

Tsayin taya yana aiki ne tamkar ƙarin giya. Gajeriyar taya tana sa mota ta zabura da sauri daga kwana, tana kuma rage mata tsawo daga ƙasa, amma injin yakan kai ƙarshen juyinsa da wuri. Wannan yana da muhimmanci domin kusan duk hanyar otokuros a giya ta biyu ake bin ta. Direban da giyarsa ta biyu ta ƙare kafin ƙarshen miƙaƙƙen wuri, ko dai ya haƙura injin yana kuka motar ba ta ƙara gudu, ko ya shiga ta uku ya sake dawowa, kuma kowanne asarar lokaci ne.

Motar Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka kuma take cikin motocin da suka fi yawa a filayen otokuros, misali ce mai kyau. Wasu samfuran ƙirarta ta huɗu suna fitowa da taya 205/45R17 a kan wili 17x7, tsayin tayar kuma milimita 616 ne. Idan aka sa mata 225/45R17, tsayin ya koma 634, ƙarin kusan kashi 3 cikin ɗari. Motar da giyarta ta biyu ke ƙarewa a kilomita 90 a sa'a za ta kai kusan 93 da wannan sauyi. Ba yawa ba ne a takarda, amma yana iya zama bambancin sauya giya da rashin sauyawa.

Girman wilin kansa bai kai faɗinsa muhimmanci ba. Babban wili yana rage tsayin gefen taya ya ƙara mata kaifin amsawa, amma yawanci ya fi nauyi, kuma nauyin da ke juyawa a ƙafar mota yana rage zabura, ya ƙara wa birki da shokazoba aiki. Ƙaramin wili ya fi sauƙi da arha, matuƙar ya wuce kan birkin ba tare da gogawa ba. Sau da yawa ma kasuwa ce ke yanke hukunci: idan tayar da ke tashe a wannan shekara ba a yin ta a inci 16 da faɗin da ake so, direba ya koma 15 ko 17 ko da ba haka ya so ba.

Ofset da sararin madigadi

Ofset ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota, ana auna ta a milimita, galibi bayan haruffan ET. Lamba babba tana shigar da wili ciki, ƙarama tana turo shi waje. Wanda ya cire wili mai inci 7 da ofset 45 ya sa mai inci 8 da ofset 35, bakin wilin na waje zai fito da kimanin milimita 23, na ciki kuma ya matsa kusa da shokazoba da kimanin milimita 3. Turo tayoyi waje yana ƙara wa mota zama a kwana, amma yana sauya yadda sitiyari ke ji a hannu, yana kusantar da taya ga madigadi, sannan yana ƙara wa motar faɗi. A tsakanin robobi, mota mai faɗi sai ta yi lanƙwasa mafi girma kafin ta wuce, kuma tayar baya da ta leƙo waje ita ce ta saba ture roba.

Ba a tabbatar da cewa taya ta shiga da kallon mota a tsaye. Sai an murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare, an kuma yi la'akari da yadda motar ke kwantawa a kwana.

Game da gaba da baya, motoci masu ja da baya marasa ƙarfin inji sosai sukan sa girma ɗaya a ƙafafu huɗu, abin da ke rage turjiyar gaba a kwana, ya kuma ba da damar musanya tayoyi don su suɗe tare. Motoci masu ja da gaba kuwa, inda tayoyin gaba ke ɗaukar ja da juyawa da yawancin birki, wasu direbobinsu kan sa taya mafi faɗi a gaba, siririya a baya, domin bayan motar ya riƙa biyo kwana cikin sauƙi.

Bayan an ɗaura, gefen tayar ne ke ba da shaida. Direbobi kan shafa alli a kafaɗarta kafin su shiga fili. Idan allin ya goge har ya gangaro gefe, tayar tana kwantawa fiye da kima, sai a ƙara iska. Idan an ƙara iskar har kamun ƙasa ya fara raguwa amma allin bai daina gogewa ba, to ko dai tayar ta yi wa wilin faɗi, ko kuma ƙafar motar na buƙatar ƙarin karkata zuwa ciki, gwargwadon abin da dokar rukunin ta yarda da shi.