Makin JAMB da Kuɗin Tumatir: Me Ke Hasashen Nasarar Ɗalibin Harhaɗa Magunguna?

A Amurka, inda aka daɗe ana nazarin nasarar ɗalibai 'yan tsiraru a fannin harhaɗa magunguna, an jingine jarrabawar shiga ta PCAT a 2024. Mu kuwa a Najeriya har yanzu makin JAMB muke ɗauka tamkar shi kaɗai ne ma'auni. 'Yan tsirarunmu ba launin fata ya ware su ba. Ɗan manomin rani ne daga Kura ko Bunkure, ko yarinyar da ta gama sakandaren gwamnati a Kumbotso, zaune a aji ɗaya da 'ya'yan makarantun kuɗi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello.

Tsarin ɗaukar ɗalibai ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin jami'a, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Wannan shiga kawai yake lamuncewa, fita kuwa sai da tushen kemistiri. Wanda ya taɓa riƙe kwalba a ɗakin gwaje-gwaje, yana ɗiga asid har ruwan ya sauya launi, ya sha bamban da wanda ya haddace sakamakon daga allo, ko da makinsu ɗaya. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun nuna haka: da yawa daga ɗalibansu 'yan karkara ne, kayan aiki da malamai suka samu.

Za a ce ai Turanci ne babban shinge. Da gaskiya a ciki, sai dai harshe kan saki da yawan karatu. Abin da nake ganin an raina shi ne aljihun uba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, gidaje da dama a yankin Kadawa ruwan kanal ke ciyar da su. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a Kano. A shekara irin wannan kuɗin rajista kan makara, ɗalibi ya koma gida yin cirar shinkafa ana tsaka da zango. Darasin da aka karanta sai a ari littafin aboki a kwafa, amma gwajin da aka yi ranar Talata lokacin da ɗalibi ba ya nan, ya wuce ke nan.